In Yaro Na da Huji a Zuciya, Kada a Raina Mura

Filin Lafiyar Iyali, daga Awendjé, Libreville

 

Ruwa ya sauka a Libreville, yara sun koma makaranta. Duk wanda ke zaune a gidan haya mai yara da yawa a Awendjé, Akébé ko Nzeng-Ayong ya san abin da ke biyo baya: yau wannan na atishawa, gobe wancan na tari, kafin mako ya zagayo duk tsakar gidan ta ɗauka. Yawancin yaran za su yi kwana bakwai zuwa goma su warke, a manta. Amma akwai yaro guda a cikinsu da wannan murar kan kai shi gadon asibiti, wani lokaci har ɗakin masu jinya mai tsanani. Shi ne jaririn da aka haifa da matsala a zuciya. Saboda shi da iyayensa muka ware filin yau.

Wace irin mura ce wannan?

Mu a Hausa duk mura mura ce, amma ƙwayoyin bairos da ke kawo ta suna da yawa. Wadda ta fi kwantar da jarirai a asibiti ita ce ake kira RSV, likitocin nan masu Faransanci kuma su ce VRS. An gano ta tun 1956, kuma kusan kowane yaro a duniya yana kamuwa da ita kafin ya cika shekara biyu. Babba in ya kamu, majina ce da ɗan tari, ya tafi kasuwarsa. A jikin jariri kuwa takan gangara daga hanci zuwa ƙananan hanyoyin iska na can cikin huhu, waɗanda siririntarsu kamar zare. Sai su kumbura, majina ta toshe su, iska ta riƙa shiga da fita da ƙyar. Wannan shi ne abin da za ku ga likita ya rubuta "bronchiolite" a kan takarda.

Wata ƙididdiga da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 2022 ta nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai, an samu kamuwa miliyan 33 da wannan cuta har ta taɓa huhu a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. An kwantar da miliyan 3.6 a asibiti, kimanin 101,000 suka rasu. Kusan rabin waɗanda suka rasu ba su kai wata shida ba, kuma kashi 97 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe irin namu aka yi su, marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Nan Gabon ma tana nan. Cibiyar binciken lafiya ta CIRMF da ke Franceville ta gwada mutane sama da dubu masu mura da zazzaɓi tsakanin Maris 2010 da Yuni 2011, a Libreville da wasu garuruwa, ta samu RSV a jikin fiye da ɗaya cikin kowane goma.

A gida mun saba cewa hunturu ne lokacin mura. To ku sani, a ƙasashe masu zafi da laima wannan ƙwaya ta fi yin ƙarfi a damina. Daminar Libreville kuwa doguwa ce, tun daga wajejen Oktoba har Mayu, in ban da ɗan sararin da ake samu a Disamba da Janairu.

Me ya sa mai ciwon zuciya ya fi shan wuya?

Kimanin jariri ɗaya cikin kowane ɗari ake haifa da wata matsala a ginin zuciyarsa. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne. Wasu matsalolin ƙanana ne, suna rufewa da kansu. Wadda aka fi gani ita ce huji a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa. In hujin babba ne, jini yakan riƙa kwarara zuwa huhu fiye da ƙima, huhun ya yi nauyi kamar soson da ya sha ruwa. Irin wannan yaro ko lafiyarsa ƙalau, numfashinsa ya fi na tsaransa sauri. Akwai kuma waɗanda jinin da ke zagaya jikinsu ba ya ɗauko isasshiyar iskar oksijin, shi ya sa leɓensu da farcensu kan yi shuɗi-shuɗi, musamman in suna kuka.

Duka biyun ba su da rarar ƙarfi. Lafiyayyen jariri in RSV ta toshe masa wani sashe na huhu, sauran ya ɗauki nauyi, zuciya ta ƙara gudu, ya tsallake. Wannan kuwa zuciyarsa tun da farko a guje take. Ga zazzaɓi ya ƙara mata aiki, ga hanci a toshe ya hana shi kama nono, ga ruwan jiki yana raguwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuma da tsagarsa ya zo duniya.

Likitoci sun daɗe da lura da haka. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1982 ya nuna cewa cikin jarirai masu ciwon zuciya da aka kwantar saboda RSV, kashi 37 cikin 100 sun rasu. Bayan shekara goma, wani binciken a asibitocin Kanada ya samu adadin ya sauko ƙasa da kashi 4 cikin 100, ko da yake ɗaya cikin uku sai da ya shiga ɗakin masu jinya mai tsanani. A tsakanin shekarun nan ba a samo ingantaccen maganin da ke kashe ƙwayar ba. Abin da ya canza shi ne kulawa: a gane yaron da wuri, a kwantar da shi da wuri, a sa masa oksijin, a taimaka masa da numfashi da ciyarwa har cutar ta wuce. Wannan darasi namu ne, domin sashen farko na aikin a hannun iyaye yake.

Wataƙila yaronku na da shi ba ku sani ba

Da yawa daga cikin yaranmu ba a gano ciwon zuciyarsu sai ranar da mura ta kwantar da su. Uwargida, ki lura da waɗannan. Yaro yana kama nono ya saki, ya huta, ya sake kamawa, goshinsa na tsattsafo da gumi kamar mai aikin ƙarfi. Ana zuwa awo wata bayan wata nauyinsa ba ya ƙaruwa yadda ya kamata. Numfashinsa da sauri ko yana barci. Ciwon haƙarƙari yana yawan dawo masa. Leɓe ko harshe yana sauya launi. In kin ga biyu ko uku daga ciki, ki faɗa wa ma'aikatan awo a cibiyar lafiya ta Awendjé ko wadda ta fi kusa da ke, ki roƙi a tura ki a ɗauki hoton zuciyar, wanda a nan ake rubutawa "échographie cardiaque". Hoton ba ya ciwo, ba a kuma yanka komai. Yaran da aka haifa da larurar Down, kusan rabinsu suna da matsalar zuciya, don haka su a yi musu hoton ko ba a ga wata alama ba.

Ku san lafiyarsa kafin ku san ciwonsa

Ga aikin da za ku yi yau, tun yaro yana lafiya. In ya yi barci, ku ɗaga rigarsa, ku kunna agogon waya, ku ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a cikin minti ɗaya cur. Ku yi haka kwana uku, ku rubuta a bayan karnen asibitinsa. Ranar ganin likita kuma, in an maƙala masa 'yar na'urar nan a yatsa ko a ƙafa mai auna oksijin, ku tambayi lambar da ta nuna ku rubuta. A yawancin yara, in lambar ta sauka ƙasa da 90 ana sa oksijin. Amma yaro mai shuɗin leɓe tasa lambar ta kullum tana iya zama ƙasa da haka, kuma likitan da ya karɓe ku da tsakar dare ba zai sani ba sai kun nuna masa.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na saurin numfashi shi ne: jariri ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye a minti, daga wata biyu zuwa shekara, 50 ko fiye, daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Ga mai ciwon zuciya, ko bai kai nan ba, in ya haura abin da kuka saba ƙirgawa sosai, ya isa dalilin tafiya.

Abu na biyu da ya kamata kowa ya riƙe: wannan cuta ba a ranar farko take nuna ƙarfinta ba. Kwana ɗaya, kwana biyu, majina ce kawai da ɗan tari. Tsakanin kwana na uku da na biyar take kai maƙura. Nan ne ake yaudaruwa, a ce ai jiya ma haka yake kuma ya kwana lafiya. Saboda haka yaron da aka san yana da ciwon zuciya, a kai shi likita ya gan shi tun a kwana na farko ko na biyu, ko da yana wasa.

Akwai kuma alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu. Ƙasan ƙirji yana faɗawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi. Ƙofofin hanci suna buɗewa suna rufewa. Yana nishi ko gurnani a kowane numfashi. Numfashin yana ɗaukewa na ɗan lokaci, abin da ya fi faruwa ga 'yan makonni. Shuɗin leɓe ya ƙaru, ko jiki ya yi fari fat da gumi mai sanyi. Ya kasa shan rabin abin da ya saba, sau biyu ko uku a jere. Ƙunzugunsa ya wuni a bushe. Ya yi laushi, ana tashinsa da ƙyar. Zafin jiki ya kai 38 ga wanda bai cika wata uku ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kuka gani, ku ɗauke shi a wannan sa'ar.

Abubuwan da ke cinye lokaci

Na farko shi ne kemis. Amoksisilin da sauran magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya ba sa taɓa bairos. Likita ne zai duba ya ga ko nimoniya ta hau kai, sannan ya rubuta su. Ruwan maganin tari kuwa, a Faransa ma an hana ba da yawancinsu ga yaro ƙasa da shekara biyu. Kada a ba jariri zuma kafin ya shekara, kada a shafa masa man zafi a hanci ko a ƙirji, kada a lulluɓe shi a kan tururin ruwan zafi. Abin da ke taimakawa a gida kaɗan ne kuma mai araha: ruwan gishirin wanke hanci da ake sayarwa a kowane famasi da sunan "sérum physiologique", a ɗiga kafin shayarwa, sannan a riƙa ba shi nono kaɗan-kaɗan a kai a kai.

Na biyu shi ne wanzami. In yaro ya ƙi nono yana tari, akwai mai cewa beli ne, a cire. Ga yaro mai matsalar zuciya wannan ganganci ne babba. Ban da zubar jini, ƙwayoyin cuta kan bi ta wurin yankan su shiga jini, su je su zauna daidai inda zuciyar ke da rauni.

Na uku shi ne taɓa magungunan zuciyar da ka. Yaro mai shan Lasilix, wato maganin da ke sa fitsari don rage ruwa a huhu, ko digoksin, in ya fara amai ko ya daina shan nono, lissafin maganin yakan canza. Kada ku ƙara, kada ku daina, ku kai shi tare da kwalaben a duba.

Na huɗu shi ne "bari mu kai shi gida". Mun san halinmu, in ciwo ya yi tsanani hankali kan koma Kano, Katsina ko Maraɗi, wurin dangi. Amma hanyar Bitam zuwa Yawunde, zuwa Ngaundare da Garwa kwanaki ce a mota, cikin cunkoso, babu oksijin. Ko a jirgin sama, iskar ciki ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba. Yaron da ke fama da numfashi a yi jinyarsa inda yake. In ya warke, a nemi izinin likita da cikakken rahoto, sannan a yi maganar tafiya, a kuma ci gaba da ganin likitan zuciyar yara a can, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Shirin dare, da rana ake yin sa

Maigida, wannan sashe naka ne. Cibiyar lafiya ta unguwa tana da amfani wajen awo, rigakafi da gwajin zazzaɓin cizon sauro. Amma yaro mai ciwon zuciya da numfashi ya sarƙe masa, babban asibiti yake bukata, mai oksijin da sashen yara: asibitin uwa da yara na Jeanne Ebori da ke bakin teku, ko asibitin koyarwa na CHUL a tsakiyar gari, ko na Owendo. Ka tambayi likitan yaron tun yanzu wanne za ku nufa in ta ɓaci. Ka riƙe lambar mai taksi biyu da za su ɗaga waya da dare. Ka tuna yadda Voie Express ke cushewa safe da yamma, balle an yi ruwa.

A haɗa jaka guda a rataye bayan ƙofa: karne, takardar hoton zuciya, sunayen magunguna da awonsu, da lambobin nan da kuka rubuta. A ɗauki hotonsu duka a waya, taka da ta uwargida. In Hajiya ba ta jin Faransanci, a san tun yau wace maƙwabciya ce za ta raka ta in kana Mont-Bouët ko ka yi tafiya saro kaya. Ka kuma ba ta izini a fili, tun kafin ranar, cewa in ta ga alamun nan ta fita ba sai ta jira ka ba. Sa'o'in da ake ɓatawa ana neman maigida a waya suna da tsada. In kuma takardun zama ne ke sa ka jan ƙafa, ka nemi ɗan uwa mai cikakkun takardu ya tsaya muku, amma yaro dai ya isa asibiti.

Sai maganar kuɗi. Hukumar inshorar lafiya ta CNAMGS da aka kafa a 2007 tana da asusun marasa ƙarfi, amma na 'yan ƙasar Gabon ne. Yawancinmu masu cin gashin kai daga aljihu muke biya. Kwanciyar irin wannan yaro takan ɗauki kwanaki, wani lokaci fiye da mako. A ware wani abu a gefe wanda ba ya shiga jari. Ƙungiyoyinmu na kasuwa da na masallaci da ke tara kuɗin kai gawa gida, ya kamata su buɗe irin wannan asusu don jinyar yara ma.

In an kwantar da shi, kada ku ga ba a ba shi allurai da yawa ku ce ba a yin komai. Oksijin, zuƙe majina, ba shi nono ta siririyar roba ta hanci ko ƙarin ruwa da lissafi, su ne maganin. Uwa ta ci gaba da tatsar nono ana ba shi.

Tsare shi a gida

Ƙwayar tana bin tari da atishawa, tana kuma yin sa'o'i a raye a kan hannun ƙofa, waya da kayan wasa. Yawanci yayye 'yan makaranta ne ke kawo ta. In sun dawo, su wanke hannu da sabulu kafin su taɓa ƙaninsu, mai mura kuma ya daina sumbatarsa a fuska. A ɗaki ɗaya ma ana iya raba shimfiɗa. In uwa ce ta kamu, ta sa takunkumi, ta wanke hannu, ta ci gaba da shayarwa, domin nonon kariya ne.

Hayaƙi yana ƙara wa huhu rauni: na taba, na gawayi, na maganin sauro mai ci da wuta, har da turaren wutar da muke ƙauna. A yi turaren a waje, a yi wa yaro gidan sauro. Ranar suna da sauran taruka, ba dole ne jariri ya zaga hannu arba'in ba. Kaka ko gwaggo ta riƙe shi a ƙuryar ɗaki, ta ce likita ya hana, ba wanda zai yi fushi da tsohuwa. Haka zuwa da shi rumfa cikin cunkoson kasuwa a watannin farko, in da hali a haƙura. Alluran rigakafi na yau da kullum, irin na tarin shiƙa da ƙyanda, a yi su a kan lokaci. Ciwon zuciya dalili ne na gaggauta su.

Wanda kuma aka sa wa ranar aikin zuciya, ko a Faransa ta hannun ƙungiyoyi irin su Mécénat Chirurgie Cardiaque, ko a cibiyar Cuomo ta Dakar, ko wani wuri, a ninka tsaro. Likitoci ba sa son yi wa yaro aiki da wannan ƙwaya a huhunsa, sukan ɗaga da makonni, kuma samun wata ranar ba abu ne mai sauƙi ba.

Akwai allurar kariya?

Akwai. A 1998 aka fito da palivizumab, wadda ake yi wa yaro duk wata a lokacin da cutar ke yawo. A gwajin da aka buga a 2003 kan yara 1,287 masu ciwon zuciya, ta rage kwanciya asibiti da kashi 45 cikin 100, sai dai tsadarta ta hana ta isowa ga talaka. Daga baya aka samu nirsevimab, mai sunan kasuwa Beyfortus, allura ɗaya da ke tsare jariri kimanin wata biyar. A yankin Galisiya na ƙasar Sifaniya, inda aka yi wa kusan dukan jarirai a 2023, ta rage kwanciya saboda RSV da kusan kashi 80 cikin 100. Akwai kuma rigakafin Abrysvo da ake yi wa mai ciki, kariyar ta ratsa zuwa ga ɗan da ke cikinta. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci dukan ƙasashe su ɗauki ɗaya daga cikin biyun nan, na mai ciki daga mako na 28. A shekarar ce kuma ƙawancen Gavi ya amince zai tallafa wa ƙasashe marasa ƙarfi da rigakafin masu ciki. Najeriya da Nijar suna cikin masu samun tallafin Gavi, Gabon kuwa ba ta ciki saboda ana lissafa ta a masu matsakaicin arziki. Don haka ku tambayi likitan zuciyar yaronku kai tsaye ko za a iya samo masa allurar, da abin da za ta ci. Mai ciki ma ta tambaya a wurin awo, a nan ko a gida.

Kafin ta wadatu, abin da ke hannunmu shi ne ƙirga numfashi, jakar bayan ƙofa, sabulu, da fita da wuri. Wanda ya san gidan da ke da irin wannan yaro, ya karanta musu wannan ko ya tura musu. Masu tambaya kuma su aiko kamar yadda aka saba, za mu duba su a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa albarka a nema. Wassalam.